Daga Nuremberg Zuwa Koblenz: Tafiyar Tsohon Lauyan Soja

Abin da ya kai ni Jamus taro ne na masu sana'ar ba wa shugabannin kamfanoni da ma'aikatu shawara, wanda aka gudanar a birnin Frankfurt, amma tun kafin in tashi na riga na ƙudurta a raina cewa da zarar an watse zan kama jirgin ƙasa zuwa Nuremberg. Na soma aiki ne a matsayin lauyan soja, inda nake ba kwamandoji shawara a kan abin da doka ta yarda da shi, nake kuma tsayawa a gaban kotun soja, wani lokaci a ɓangaren masu ƙara, wani lokaci a ɓangaren wanda ake tuhuma. Da na ajiye kaki sai na koma ma'aikatar shari'a a matsayin mai gabatar da ƙara, kuma daga can ne na fito na shiga aikin da nake yi yanzu, wato horar da shugabanni da duba yadda ake yanke hukunci a wuraren aiki. Duk wanda ya bi irin wannan hanya ya san sunan Nuremberg tun yana ɗalibi, domin a can ne aka yi wa manyan shugabannin gwamnatin Nazi ta Hitila shari'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma babu darasin dokar yaƙi da ake kammalawa ba a ambace shi ba.

Ba ni kaɗai na yi tafiyar ba. Abokiyar aikina, wadda akanta ce kuma ba ta taɓa taka bariki ba, ta ce za ta bi ni domin ta ga wurin da nake yawan kawowa misali a gaban manajoji. Tafiyar kimanin awa 2 ce, jirgin ya ratsa Würzburg da gonakin inabi da ke kan gangaren tuddai, muka sauka a babbar tashar Nuremberg, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Bärenschanze, daga nan kuma ɗan tattaki ne zuwa babban ginin kotunan birnin da ke kan titin Fürth.

An zaɓi wannan gini domin shari'ar ne saboda yaƙi bai rusa shi ba kamar yadda ya rusa tsakiyar birnin, ga shi da faɗi, ga kuma kurkuku a jikinsa ta baya. Akwai kuma wani dalili da ba na gini ba, domin a Nuremberg ne jam'iyyar Nazi take yin manyan tarukanta na shekara-shekara, a nan ne kuma aka shelanta dokokin wariyar da aka yi wa Yahudawa a 1935. Ɗakin shari'a mai lamba 600 yana ɓangaren gabas na ginin. Kotun Jamus ta ci gaba da zama a cikinsa har zuwa 2020, yanzu kuwa ya zama wurin ziyara, haɗe da gidan tarihin da aka buɗe a samansa a 2010. Da muka shiga, abin da ya fara zo mini shi ne ƙanƙantarsa. Bangon katako ne mai duhu, ƙofofin an zagaye su da koren marmara, kuma a bayan inda waɗanda ake tuhuma suke zama akwai wata 'yar ƙofa da ba ta ɗaukar ido, wadda ta cikinta ake hawo da su daga ƙasa. A sama, cikin gidan tarihin, an ajiye bencinan katakon da suka zauna a kai. Na daɗe a tsaye a gabansu, domin ba su da wani bambanci da bencin da na sha ganin kurtu ya zauna a kai yana jiran a kira ƙararsa.

An buɗe shari'ar ranar 20 ga Nuwamba 1945, alƙalai daga Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, kuma an yi ta cikin harsuna 4 ta hanyar tafintoci masu fassara nan take, kowa da na'ura a kunne, ga fitila mai ruwan ɗorawa da ake kunna wa mai magana idan ya cika sauri, da ja idan ana so ya dakata. An yanke hukunci ranakun 30 ga Satumba da 1 ga Oktoba 1946. A cikin mutum 22 da aka yi wa shari'a, an yanke wa 12 hukuncin kisa, 3 ɗaurin rai da rai, 4 ɗaurin shekara 10 zuwa 20, aka kuma sallami 3. Babban mai gabatar da ƙara na Amurka, Robert Jackson, alƙali ne a Kotun Ƙolin ƙasarsa, kuma ya gina ƙararsa ne galibi a kan takardun da su kansu waɗanda ake tuhuma suka rubuta ko suka sa wa hannu. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a rayuwar aiki, domin mai shaida yana mantuwa, yana jin tsoro, yana iya juyawa, amma takardar da ke ɗauke da sa hannu da kwanan wata ba ta sauya magana.

Abokiyar tafiyata ta tsaya a gaban allon da ke bayanin yarjejeniyar Landan ta 8 ga Agusta 1945, wadda ita ce ta kafa kotun, ta karanta sashe na 8, wanda ya tanadi cewa bin umarnin gwamnati ko na shugaba ba ya sauke wa mutum alhakin laifi, ko da yake ana iya dubawa a sassauta masa hukunci. Sai ta juyo ta ce, “Yallaɓai, to ai na ɗauka shi soja abin da aka san shi da shi ke nan, a ba shi oda ya bi. Idan ya bi a hukunta shi, idan ya ƙi a hukunta shi, ina zai sa kansa?” Na ce mata, “Malama, tambayar da kika yi ita ce ta ci rabin rayuwata ta aiki.” Na bayyana mata cewa rantsuwar soja ta bin halaltaccen umarni ce, kuma a mafi yawan lokuta babu wata matsala, domin mafi yawan umarni halaltacce ne. Wuyar tana zuwa ne a ranar da aka miƙo wa ƙaramin ma'aikaci takarda aka ce ya sa hannu, alhali shi da mai miƙo masa duk sun san abin da ke ciki ba gaskiya ba ne. Na taɓa kare wani kofur da ya sa hannu a kan cewa ya karɓi man da bai taɓa shigowa ma'ajiya ba. Hannunsa yana rawa lokacin da yake nuna mini wurin da ya sa hannun, yana ta maimaita cewa oga ne ya ce. Sunan ogan bai fito a ko'ina cikin fayil ɗin ba, na kofur ɗin kuwa yana kan kowane shafi.

Mutane da yawa suna tsayawa ne a kan shari'ar farko, ta manyan muƙarraban Hitila su Göring da Keitel da Jodl, amma ni abin da ya fi riƙe ni a gidan tarihin shi ne ɓangaren shari'o'i 12 da Amurka ta gudanar bayan nan a wannan gini daga 1946 zuwa 1949, ƙarƙashin jagorancin Birgediya Janar Telford Taylor, wanda shi ma lauya ne a cikin kaki. A waɗannan shari'o'in ne aka gurfanar da mutanen ofis, wato likitoci da alƙalai da manyan ma'aikatan gwamnati da masu masana'antu. A shari'ar manyan hafsoshi, wadda aka yanke a 1948, akwai Rudolf Lehmann, shugaban sashen shari'a na babbar hedikwatar sojan Jamus, wanda aka ɗaure shekara 7 saboda hannun da yake da shi wajen tsara rubutun umarnin da ya saɓa wa dokar yaƙi. Aikinsa shi ne irin aikin da na yi, kujerarsa irin kujerar da na zauna. Bai harbi kowa ba, gwanintarsa ya bayar aka shirya mugun umarni ya fito da siffar doka. A shari'ar alƙalai kuma an yanke wa Franz Schlegelberger, wanda ya riƙe ma'aikatar shari'a ta ƙasar, ɗaurin rai da rai a 1947. Sannan ga shugabannin kamfanin IG Farben, wanda ya gina masana'anta a Monowitz kusa da Auschwitz, sansanin kisan gilla na 'yan Nazi, da gumin fursunoni, inda aka sami 13 da laifi, ga masu wasu manyan masana'antu, Alfried Krupp da aka yanke wa shekara 12 amma aka sake shi a 1951, ga Friedrich Flick da aka yanke wa 7. A ganina hukuncin da aka yi wa masu masana'antun ya yi sauƙi ƙwarai idan aka auna shi da rayukan da suka salwanta, sakin da aka yi musu da wuri kuma ya rage wa shari'ar daraja. Duk da haka, a gini ɗaya na ga an tara sana'o'ina 3, soja da lauyan gwamnati da mutumin kamfani, kuma tambayar da aka yi wa kowannensu iri ɗaya ce: me ka sani, me ka sa wa hannu, me kuma ka yi da ka sani?

Da yamma muka leƙa filin da 'yan Nazi suke taro a kudu maso gabashin birnin, inda dandamalin da Hitila yake tsayawa yake nan har yanzu, dutsen ya soma zaizayewa, ciyawa ta fito ta tsakanin matakalar. Ba mu jima ba. Wuri ne da aka gina domin mutum ɗaya ya yi magana dubbai su amsa, kuma bayan abin da muka gani da safe ban ji ina bukatar ƙarin bayani ba.

A kan hanyar komawa masauki ne muka shiga maganar aikinmu. Idan shugaban kamfani ya ji cewa mai ba da shawarar da za a kawo masa tsohon soja ne, yawanci murna yake yi, kuma na san dalilin murnar. Wani ya taɓa gaya mini a zamanmu na farko, ya ce, “Ranka ya daɗe, so nake ka mayar mini da su kamar sojoji, in na ce a yi, a yi.” Irin wannan shugaba ladabi yake son saye, kuma yana ganin ni ne dillalinsa. Abin da na ɗauko daga bariki kuwa ya fi haka faɗi. Na ɗauko cewa kwamandan kirki yana bayyana manufarsa sarai, ya faɗi iyakokin da ba a ƙetarewa, sannan ya bar wa na ƙasa da shi zaɓin hanya, wanda tsari ne da sojan Prusiya, tsohuwar masarauta a Jamus, ya shahara da shi tun zamanin Helmuth von Moltke babba a ƙarni na 19. Na ɗauko al'adar zama bayan kowane aiki a tambayi abin da aka yi niyya, da abin da ya faru, da dalilin bambancin, da abin da za a gyara, inda saje yake da damar gaya wa kyaftin cewa umarninsa ya zo a makare. Daga kotu kuma na ɗauko cewa rashin sani ba kullum yake zama kariya ga shugaba ba. An rataye Janar Yamashita na Japan a 1946 saboda ta'asar da dakarunsa suka yi a Filifin, hukuncin da masana suke jayayya a kansa har yau, amma ƙa'idar ta zauna, kuma sashe na 28 na Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ya ɗora wa kwamanda alhakin abin da ya sani ko ya kamata ya sani idan bai hana ba, bai kuma hukunta ba.

Washegari muka nufi Koblenz. Daga Mainz jirgin yana bin gaɓar kogin Rhine, kuma tsakanin Bingen da Koblenz kwarin yana tsukewa, tsoffin gidajen sarauta a kan duwatsu hagu da dama, jiragen dakon kaya suna tafe a hankali a kan ruwa. Koblenz tana daidai inda kogin Mosel yake shiga Rhine, ga ganuwar Ehrenbreitstein a kan tudu a tsallake. Na je can ne saboda a birnin ne cibiyar sojan Jamus mai suna Zentrum Innere Führung take, wadda aka kafa a 1956 domin koyar da irin shugabancin da ƙasar ta zaɓar wa sabuwar rundunarta, shekara ɗaya bayan kafa rundunar a 1955. Wani tsohon hafsan Jamus da muka haɗu da shi a taron Frankfurt, wanda shi ma ya koma aikin ba da shawara bayan ritaya, shi ne ya tarbe mu, muka zauna a bakin kogi muka tattauna har rana ta yi sanyi.

Abin da ya burge ni a bayaninsa shi ne cewa ƙasar ba ta tsaya ga wa'azi ba, hanyoyi ta gina. Mutanen da suka tsara sabuwar rundunar, irin su Wolf Graf von Baudissin, sun ɗauki soja a matsayin ɗan ƙasa mai cikakken 'yanci wanda yake sanye da kaki. Dokar sojoji ta 1956 ta tanadi cewa umarnin da ya keta mutuncin ɗan Adam ba wajibi ba ne a bi shi, wanda kuma bin sa zai zama aikata laifi haramun ne a bi shi. Sannan majalisar dokoki tana da kwamishina na musamman mai kula da al'amuran sojoji, wanda kowane soja, komai ƙanƙantar muƙaminsa, zai iya rubuta wa kai tsaye ba tare da takardar ta bi ta hannun ogansa ba, kuma doka ta hana a hukunta shi saboda ya rubuta. Kwamishinan yana gabatar da rahoto a bainar jama'a kowace shekara. Ya kuma tuna mini da shari'ar wani manjo da ya ƙi ci gaba da aiki a kan wata manhajar kwamfuta saboda yana ganin za ta iya taimaka wa yaƙin Iraƙi, aka rage masa girma, amma babbar kotun harkokin mulki ta tarayya da ke Leipzig ta wanke shi a 2005. Bai ɓoye cewa hafsoshi da dama ba su ji daɗin wannan hukunci ba, kuma tsarin bai hana a riƙa samun cin zarafi a wasu barikoki ba. Amma hanyar tana nan a buɗe, kuma ana bin ta.

Abokiyar aikina ce ta ɗauko maganar Volkswagen, tun da lissafi ne fanninta. A 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin ya sa wa motocinsa masu amfani da dizal wata manhaja da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, kuma kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11. Shugabansa ya yi murabus cikin 'yan kwanaki, aka kuma ɗaure wani injiniya da wani manaja a Amurka a 2017. Ta ce abin da take tambayar kanta shi ne yawan mutanen da suka san da maganar tsawon shekaru, da kuma dalilin da ya sa labarin bai hau sama ta ƙofar da ta dace ba. Babu mai haɗa laifin kamfanin mota da abin da aka yi shari'arsa a ɗaki mai lamba 600, tazarar da ke tsakaninsu ba ta misaltuwa. Abin da ya yi kama shi ne yanayin wurin aiki inda aka kafa buri daga sama, aka nuna cewa ba a son jin “ba zai yiwu ba”, sannan aka bar na ƙasa su nemo dabara.

A nan ne na gaya musu abin da ya fi ba ni wuya a sauyin aikin da na yi. Lokacin da nake lauyan soja, shawarata tana da doka a bayanta, har ma sashe na 82 na ƙarin yarjejeniyar Janeba ta 1977, mai tsara dokokin yaƙi, ya wajabta wa ƙasashe su tanadi masu ba kwamandoji shawarar shari'a. Lokacin da nake gabatar da ƙara kuwa, ina da sammaci, ina da ikon sa a kawo takarda, kuma mutum yana amsa tambayata ne bayan ya yi rantsuwa. Yanzu ba ni da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda nake gaya wa gaskiya shi ne mai biyana, kuma yana iya soke kwangilar kafin in sauka daga bene. Wannan ne ya sa sana'ar take da haɗari ga mai yin ta, domin abu ne mai sauƙi mutum ya koma mai shirya wa shugaba kalmomi masu daɗi a kan abin da ya riga ya yanke, wato ainihin aikin da ya kai Lehmann kan benci. Ina yawan tuna wa shugabannin da nake aiki da su cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma na lura cewa wanda ya daɗe a sama ba ya jin wannan magana sai an nuna masa da takardun ofishinsa.

Tsohon hafsan ya tambaye ni yadda nake fara aiki da sabon kamfani, sai na ce masa ba na farawa da lacca. Nakan nemi a ba ni labarin mummunan abu na ƙarshe da ya faru a wurin, in bi sawunsa daga wanda ya fara gani har zuwa ranar da ya isa teburin shugaba, ina rubuta kwanakin da ya yi a kowane hannu da yadda aka riƙa tausasa shi a kowane mataki. Sau da yawa rahoton da ya taso yana cewa injin zai kashe mutum yakan isa sama yana cewa akwai bukatar a duba jadawalin gyara. Sannan in tambayi abin da ya sami ma'aikaci na ƙarshe da ya ƙi sa hannu a kan wata takarda, domin kowa a wurin ya san amsar, kuma da ita suke auna ko za su buɗe baki. Shi kuma ya ce yana ƙara tambaya ɗaya, wato ko akwai ƙofar da ƙaramin ma'aikaci zai bi ya isa hukumar daraktoci ba tare da ya ratsa ta ofishin wanda yake ƙorafi a kansa ba.

Mun rabu da shi a tashar jirgi. A hanyarmu ta komawa Frankfurt abokiyar aikina ta buɗe kwamfutarta muka sake duba shirin horon da za mu gabatar wa wani kamfanin sufuri a wata mai zuwa. Shugaban ya nemi kwana 2 a kan ladabi da bin umarni. Muka bar masa rana ta farko kamar yadda ya nema, muka mayar da ta biyu zaman bin sawun rahotannin haɗurra 3 da direbobinsa suka shigar a bara, muka kuma rubuta a cikin sharuɗɗan cewa shi da kansa zai zauna a ɗakin tare da direbobin.